Za a sayar da filin gado don yi wa Umma allurar eksozom, ni kaɗai na ce a dakata

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, shekarata 34. Mahaifiyarmu tana da shekara 63, kuma yau shekara shida ke nan tana fama da ciwon gwiwa, duka biyun, amma ta dama ta fi matsa mata. Yanzu ba ta iya sujada, a kan kujera take salla, kuma wannan ya fi ciwon kansa damun ta. Tana da ciwon suga, tana kuma da jiki. Bara likitan ƙashi ya duba hoto ya ce guringuntsin gwiwar dama ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, a fara tunanin aikin canjin gwiwa. Umma ta ce ita ba za a sa mata ƙarfe a jiki ba.

Yayanmu da ke aiki a ƙasar waje ya turo bidiyon wani asibiti a can da ke yin wata allura wai ita eksozom. Sun ce tana sa guringuntsi ya sake tsirowa, ba yanka, kwana uku an gama, har suga ma tana saukarwa. Allura uku da ƙarin ruwa dala 7,000, ban da jirgi da masauki, kuma in an biya rabi kafin ƙarshen wata za a yi mana ragi. Yaya ya ce a sayar da filin da Baba ya bari, wanda ba a raba ba har yanzu. Ƙannena biyu suna makaranta, autarmu shekararta 15. Da na ce a dakata a bincika, sai ya ce na fi son fili a kan uwata, tun ranar kuma ba ya ɗaga wayata. Umma ta ce duk abin da muka yanke shi ke nan. Anti, ba na iya barci. Idan na hana, ashe maganin ke nan fa?

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ya jiƙan Baba da rahama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne inda kika ce ba kya barci. Maganar da Yaya ya yaɓa miki mai nauyi ce, irin wadda take tsaya wa mutum a ƙirji ta hana shi sakat. Ki sauke ta. 'Yar da ta ce a tsaya a bincika kafin a tsira wa gwiwar uwarta allura, uwar take karewa. Amsata kai tsaye ita ce kada a sayar da filin nan saboda wannan allura, kada kuma a tura rabin kuɗin. Sai dai ba na so ki tunkari Yaya da cewa wance ta ce a jarida. Na fi so ki je masa da abin da ke kanki kika fahimta, don haka ki ba ni aron kunnenki in warware miki.

Eksozom abu ne na gaske, yana ma cikin jikinki yanzu haka. Ƙwayoyin halittar da aka gina jikinmu da su suna fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙullin kaya, kowanne a naɗe cikin fatar kitse, a ciki kuma akwai furotin da wani saƙo da ake kira RNA. Girmansu bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba, wato sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ana samun su a jini, a fitsari, a yawu, har a nonon uwa. A 1983 aka fara bayyana su, a ɗakunan bincike biyu, na Rose Johnstone a Jami'ar McGill ta Kanada da na Philip Stahl a birnin St. Louis na Amurka, suna nazarin yadda jajayen ƙwayoyin jini ke balaga. Johnstone ce ta raɗa musu wannan suna a 1987. Shekaru da dama ana ganin shara ce kawai da ƙwayar halitta ke zubarwa. Sai a 2007 masu bincike a Gothenburg ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa saƙon da ke cikin ƙullin yana iya shiga wata ƙwayar halittar ya yi aiki a cikinta. Ashe aike ne tsakanin maƙwabta. Daga nan hankalin masana ya karkata: idan jiki yana aika saƙon gyara ta wannan hanya, me zai hana a tara saƙon a kwalba a kai shi inda ya lalace? A Singafo an gwada a kan ɓeraye da aka ji wa rauni a zuciya, daga baya a guringuntsi, aka ga alamun warkewa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina cikin masu fatan a kai ga nasara.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɓeran da aka yi wa ɗan rauni a gwiwa jiya daban, gwiwar dattijuwa da ta yi shekara sittin tana ɗaukar nauyi, ta haifi 'ya'ya, ta yi daka da surfe da wanki a tsugune, ita ma daban. Magunguna ba iyaka sun yi aiki a jikin ɓera suka kasa a jikin mutum. Shi ya sa ake gwaji mataki-mataki: a fara da mutane kaɗan a ga ko yana cutarwa, sannan a raba marasa lafiya gida biyu, a yi wa waɗansu allurar gaske, waɗansu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce aka yi masa, a jira watanni a kwatanta. Game da eksozom da ciwon gwiwa, gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, ƙanana ne kuma. Ɗaya daga ciki, wanda aka yi a Iran aka wallafa a 2024 da irin wannan tsari na raba mutane gida biyu, bai nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar sun fi na ruwan gishiri samun sauƙi ba. Hatta iyayen gidan eksozom ɗin, wato ƙwayoyin halittar asali da ake ɗebowa daga ɓargo ko kitse ko cibiyar jariri, an gwada su a Amurka a kan masu ciwon gwiwa fiye da 400, aka wallafa sakamakon a 2023, kuma bayan shekara guda ba su fi tsohuwar allurar sitiroyid mai rage kumburi da likitoci suka daɗe suna yi ba. Har yau babu allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye. Ki riƙe wannan jimlar da kyau, domin a kanta asibitin nan ya gina tallarsa.

Sai kuma tambayar da ta fi damuna: mene ne a cikin kwalbar? Yadda ake yi shi ne a raini ƙwayoyin halitta, galibi daga cibiya ko mabiyiyar jaririn wata mata, a ɗebi ruwan da suka zauna a ciki, a tace, a juya shi a na'ura, a tara abin da ya kwanta. Masanan fannin da kansu har yanzu suna kai-komo a kan yadda za a tace shi tsaf, yadda za a ƙirga shi, da yawan da ya kamata a bai wa mutum. A ɗakunan bincike a kan ajiye shi cikin sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili don kada ya lalace. Kuma ki sani, eksozom sunan ambulan ne kawai, abin da ke cikin wasiƙar ya danganta da wanda ya aiko ta. Ƙwayoyin cutar daji ma suna fitar da nasu, suna amfani da su wajen share wa kansu hanyar yaɗuwa. Saboda haka in an ce wa mutum za a yi masa allurar eksozom ba tare da an faɗa masa daga jikin wa aka samo, an gwada mai bayarwar ko tana da ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki, wane kamfani ya haɗa, wace hukuma ta duba ba, to cinikin biri a sama ake yi da shi.

An riga an ga inda hakan ya kai. A watan Disamban 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi ga jama'a bayan wasu marasa lafiya a jihar Nebraska sun kwanta ciwo mai tsanani sakamakon allurar da aka sayar musu da sunan eksozom. A cikin sanarwar ta faɗa ƙarara cewa babu wani maganin eksozom ko ɗaya da ta amince da shi, ta kuma maimaita hakan a 2020. Ga Umma wannan haɗari ya fi na kowa kusa. Mai ciwon suga ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, ya fi kuma wahalar warkewa. Idan ƙwayar cuta ta shiga cikin gaɓar gwiwa, gwiwar takan kumbura ta yi zafi ta tara mugunya, sai an buɗe an wanke, a yi makonni ana shan magani, kuma hakan yana iya jinkirta ko ya dagula aikin canjin gwiwar da za a buƙata nan gaba. Ki tambayi kanki, idan haka ta faru kwana biyar bayan ta dawo Zariya, wa zai karɓe ta? Likitan gida ne, wanda bai san abin da aka zuba mata ba. Maganar ƙarin ruwan da suka haɗa a ciki kuwa ta fi tayar min da hankali, domin abin da aka zuba a jijiya ya zagaye jiki duka, ba kuma a iya janyo shi.

Na san abin da ke hana ki barci: bidiyon nan. A irin waɗannan bidiyoyin akan nuna tsohuwa ta shigo a keken guragu, ta fita da ƙafarta tana murmushi. Ba sai na ce ƙarya take yi ba. Ciwon gwiwa mai tashi da kwanciya ne, kuma mutum yakan nemi magani ne a lokacin da ya fi tsananta, saboda haka duk abin da aka yi masa a ranar shi zai samu yabon sauƙin da dama yana tafe. An kuma sha gani a gwaje-gwaje cewa allurar ruwan gishiri zalla a gwiwa tana sa mutane da yawa su ji sauƙi na watanni, saboda sa rai da kulawar da aka nuna musu. Ƙara da hutun tafiya, ba girki ba hawa ba sauka. Wadda aka yi wa ba ta ji komai ba kuwa, ba wanda ya kunna mata kyamara, haka ma ba wanda ya bi mai murmushin gida bayan shekara ya ɗauki hoton ƙashinta. A wasiƙarki ma akwai alamu biyu da suka isa su sa mutum ya ja da baya. Allura ɗaya wai tana gyara gwiwa tana kuma saukar da suga, alhali cututtuka ne biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Sannan ga wa'adin ƙarshen wata. Guringuntsin da ya yi shekara shida yana zaizayewa ba zai canja cikin mako uku ba, wa'adin nan na kasuwa ne, an sa shi ne don kada ku samu sukunin yin irin tambayar da kika yi. Wataƙila kuma masu asibitin za su ce ai an ba da kyautar Nobel a kan wannan. Kyautar 2013 da aka bai wa James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof a kan yadda ƙwayar halitta ke jigilar kaya cikin 'yan ƙulle-ƙulle ce, ba ta shafi yi wa kowa allura ba.

Yanzu mu zo kan Yaya, domin ba na so ki ɗauke shi abokin gaba. Ki dubi inda yake tsaye. Yana nesa, mahaifinku ya rasu, shi ne babba, kuma abin da yake gani na Umma shi ne fuskarta a waya tana cije leɓe in za ta miƙe. Ke kina iya zuwa ki shafa mata man zafi, ki ɗebo mata ruwan alwala. Shi ba abin da yake iyawa sai turo kuɗi, kuma zuciyarsa tana gaya masa bai yi komai ba. Sai ga wani ya nuna masa hanyar da zai zama shi ne ya tayar da mahaifiyarsa tsaye. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da kika ce a dakata, abin da ya ji shi ne ana ƙwace masa damar. Wannan bai wanke maganar da ya faɗa miki ba, ya yi kuskure, kuma ina fatan wata rana zai ba ki haƙuri. Amma in kika jira haƙurin kafin ki neme shi, wata zai ƙare, fili ya tafi.

Tunda ba ya ɗaga waya, ki tura masa saƙon murya, gajere, cikin ladabin ƙanwa. Kada kalmar damfara ta fito daga bakinki, domin da ya ji ta zai ɗauka kina ce masa wawa ne, sai ya ƙara kafewa. Ki ce masa kin san don Umma yake yi, ke ma don ita kike yi, kuma kin yarda a kashe ko nawa ne a kan abin da zai amfane ta. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: tunda shi ne yake magana da asibitin, ya nemi su ba shi amsa a rubuce. Mene ne sunan maganin, wane kamfani ya yi shi, daga jikin wa aka samo? Wace hukumar magunguna ce ta amince a yi amfani da shi don ciwon gwiwa, ina lambar amincewar? Ina sakamakon gwajin da aka kwatanta shi da ruwan gishiri? Idan sun ce gwaji ne ake kan yi, wane kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izini, kuma me ya sa mara lafiya zai biya dala 7,000 alhali a gwaji na gaskiya galibi masu binciken ne ke ɗaukar nauyin maganin? Idan gwiwar ta ruɓe bayan an dawo gida, wa zai biya? Ki bar shi ya karanta amsar da idonsa. Mutum ya fi yarda da abin da ya gano da kansa. In kuma ya ƙi sauraron saƙon, ki sami kawu ko baffan da yake jin nauyinsa, ki yi masa wannan bayanin, shi ya kira shi. Haka nan idan gobe wani ya ce ai ana yin allurar a Abuja ko Legas da arha, tambayoyin ba su canja ba, sai dai a ƙara da neman lambar rajistar NAFDAC da tabbatar da cewa mai yin allurar likita ne mai lasisi.

Akwai wadda duk cikin rigimar nan ba a ji ta bakinta ba, ita ce mai gwiwar. Da Umma ta ce duk abin da kuka yanke, kawaici ne irin na iyaye, ta ga 'ya'yanta biyu sun daina magana saboda ita, ta gwammace ta yi shiru. Ki je ki kwana a ɗakinta. Bayan isha, in gida ya yi tsit, ki ɗora ƙafarta a cinyarki kina matsa mata, ki tambaye ta me take tsoro a aikin. Wata tsoron kada ta farka daga allurar barci take yi, wata ta taɓa ganin wadda aka yi wa aiki ba ta tashi ba, wata tana tunanin yadda za a binne ta da ƙarfe, wata kuma ba ta son ta zame wa 'ya'yanta nauyi ne kawai. Kowanne da amsarsa, amma sai an san wanne ne.

Maganar sujada kuwa na san zafinta. Ina da gwaggo da ranar da ta fara salla a kan kujera, da ta sallame sai ta juya fuska bango tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa ita da ta saba goshinta ya taɓa ƙasa tun tana 'yar shekara bakwai. Ba maganin asibiti ne ya kwantar mata da hankali ba, wata malamar Islamiyya ce ta zauna da ita ta karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ki samo wa Umma malamin da take girmamawa ya faɗa mata sallarta cikakkiya ce. Kuma don Allah kada wani ya yi mata alkawarin sujada, ko mai allura ko mai tiyata. Ko bayan canjin gwiwa mutane da yawa ba sa iya durƙusawa ko zaman tahiya a ƙasa yadda suka saba. Abin da aikin ya fi bayarwa shi ne raguwar ciwo, barci mai daɗi, da iya takawa zuwa gidan maƙwabta ko wurin biki.

Kafin ma a kai ga aiki, akwai abubuwan da aka tabbatar suna taimakawa, kuma ina zargin ba a yi su yadda ya kamata ba, domin mu mun fi yarda da allura a kan abin da ke buƙatar naci. Na farko rage nauyi. Bincike ya nuna kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku, ga shi kuma yana taimakon suga. Ba sai ta daina cin tuwo ba, a rage malmala, a ƙara miyar ganye da zogale da wake, a janye lemon kwalba da shayi mai sukari. Na biyu ƙarfafa naman cinya, domin shi ne ke tallafar gwiwa. A kai ta wurin masu gashin ƙashi su koya mata, amma ga misali: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta ƙirga goma, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Sai an yi makonni shida zuwa takwas ake fara ganin amfani, don haka ki sa auta ta riƙa yi tare da ita. Sanda kuma a hannun hagu za ta riƙe tunda ta dama ce mai ciwon. Ki leƙa banɗakinta, in na tsuguno ne a sa mata na zama ko kujera mai rami, a kafa mata ƙarfen dafawa a bango, a ɗaga mata wurin alwala, a raba ta da kujera 'yar tsugunno. Man shafawa mai diklofenak ya fi mata aminci a kan ƙwayoyin kashe zafi irin su ibuprofen, waɗanda in aka daɗe ana sha suna taɓa ƙoda su jawo gyambon ciki, musamman ga mai suga. Ki bincika ƙarƙashin filonta da jakarta, in akwai ƙullin ƙwayoyin haɗi na masu talla a tasha ko garin maganin sanyi da ba a san abin da ke ciki ba, ki kai wa likita ya gani. Allurar sitiroyid a gwiwa tana kawo sauƙi na 'yan makonni, amma tana tayar da suga na kwanaki, saboda haka likitan da ya san ciwonta ne zai yanke.

Idan an yi duk wannan wata uku ciwon bai bari ta yi barci ba, sai a koma maganar aikin da idon basira. Canjin gwiwa aiki ne da aka yi wa miliyoyin mutane, aka bi su shekara da shekaru. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kimanin 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canja suna kai shekara 25 ba a sake taɓa su ba. Ba zan ɓoye miki ba, kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan aikin, akwai haɗarin ƙwayar cuta da daskarewar jini a jijiya, kuma dole a daidaita sugarta kafin a shiga. Amma kin ga bambancin: a nan ana iya faɗa miki adadin nasara da na akasi, domin an ƙirga. Sau da yawa ma da allurar baya ake yi, mutum yana farke, ƙasan jikinsa ne kawai ke mutuwa na 'yan sa'o'i. Ana yin aikin a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ga kuma sashen ƙashi na asibitin koyarwa a Shika kusa da ku inda za ku nemi ra'ayi na biyu. Ki roƙi likitan ya haɗa Umma da wata dattijuwa da aka yi wa, su zauna su yi hira irin ta mata, ta ga tabon, ta ga tafiyarta. Ranar ganin likitan kuma ki kira Yaya ta bidiyo, ki miƙa masa wayar ya yi wa likitan tambayar eksozom da bakinsa. Ki ba shi aikin da zai ji shi ne babba: ya ɗauki nauyin gashin ƙashi, gyaran banɗaki da gwajin suga.

Filin kuwa ba na Yaya ba ne shi kaɗai, ba kuma naki ba. Gado ne da ba a raba ba, Umma tana da tumuninta, kowane ɗa yana da rabonsa, kuma a ciki akwai haƙƙin marainiya 'yar shekara 15 wadda ba a taɓa dukiyarta haka kawai. Kada ki sa hannu a takardar sayarwa. Ki ce a kira malami masanin gado ko a je gaban alƙali a fayyace rabon kowa, kuma wannan ba rashin kunya ba ne ga babban wa. In har wata rana aka ga dole sai an sayar don lafiyar Umma, to a sayar don aikin da aka san amfaninsa, da yardar kowa. Abin da nake jiye muku shi ne fili ya tafi, allura ta ƙare, bayan wata shida likitan ƙashi ya sake cewa aiki, a duba a ga ba abin sayarwa.

Yana yiwuwa bayan duk wannan Yaya ya ce da kuɗin aljihunsa zai yi, Umma kuma, bayan ta ji komai, ta ce tana so ta gwada. Jikinta ne, babba ce mai hankalinta, sai ki girmama zaɓinta ba tare da gori ba. Amma ki tsaya a kan a sanar da likitanta kafin tafiya, a ƙi ƙarin ruwan, a karɓo sunan abin da aka yi mata a rubuce, kuma in gwiwar ta kumbura, ta yi zafi, ko zazzaɓi ya rufe ta, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Yau dai ki fara da mai sauƙi. Ki tura wa Yaya saƙon nan kafin ki kwanta, ki kama layin ganin likitan ƙashi cikin makon nan, ranar Juma'a kuma ki ɗauki kayanki ki je ki kwana wurin Umma. Ki gaishe min da ita, ki rubuto min abin da ta faɗa miki a daren.